Bankok ko Kwala Lumfur: wanne ya fi dacewa da hutun mako guda?

Wanda ya tara ɗan abin da Allah ya hore masa, ya ƙudura niyyar zuwa kudu maso gabashin Asiya domin ya huta ya kuma buɗe ido, yawanci birane biyu ne ke fara zo masa a rai: Bankok, babban birnin Tailan, da Kwala Lumfur, babban birnin Malesiya. Ba baƙin sunaye ba ne a wurinmu, domin 'yan kasuwarmu sun daɗe suna zuwa Bankok sarin tufafi da takalma da jakunkuna, ɗalibanmu kuma da yawa a jami'o'in Malesiya suka yi karatu. Tafiyar kimanin awa biyu ce a jirgin sama tsakanin biranen, dukansu suna da zafi da gumi da ruwan sama mai yawa, amma yinin baƙo a ɗaya bai yi kama da yininsa a ɗayan ba. Ra'ayina shi ne Bankok ta fi kasuwa nesa ba kusa ba, sai dai tana karɓar ladan hakan daga jikin baƙo da lokacinsa, musamman Musulmi mai kula da abin da zai ci da inda zai yi salla. Kwala Lumfur kuwa kasuwarta ba ta kai ba, amma tana barin mutum ya huta da gaske.

Akwai abubuwan da suka yi tarayya a kai, kuma ba su ne za su raba gardama ba. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Kano ko Abuja ko Yamai zuwa ko ɗaya daga cikinsu, sai an ya da zango a wurare irin su Adis Ababa ko Doha ko Istambul. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza a duka ƙasashen biyu, da katin shaidar rigakafin cutar shawara, kuma dukansu suna cikin ƙasashen da ake neman takardar tantancewa daga hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi kafin a nemi bizarsu, saboda haka a fara shirin takardu da wuri. Dokokinsu a kan miyagun ƙwayoyi suna da tsanani har zuwa hukuncin kisa, don haka kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, komai kusancinsa, in ba an buɗe an gani ba. Agogon Bankok yana gaban namu da awa 6, na Kwala Lumfur da awa 7. A duka biyun ta hannun hagu ake tuƙi, abin da ke nufin mai tsallaka titi dama zai fara dubawa, saɓanin abin da ido ya saba a gida.

A batun kasuwa ne Bankok ke nuna girmanta. Unguwar Pratunam ita ce wadda mutanenmu suka fi sani, kuma wanda ya san Kantin Kwari ba zai ji baƙunta ba: lunguna ne matsattsu cike da rumfunan tufafi, masu turin kaya suna ratsawa da dila-dila, ana fara hada-hada tun kafin gari ya waye. Al'adar wurin ita ce wanda ya ɗauki guda uku ko fiye daga abu ɗaya ana ba shi farashin sari, wanda ya ɗauki ɗaya kuma ya biya na ɗai-ɗai. A kusa akwai Platinum, katafaren gini mai hawa-hawa da na'urar sanyaya ɗaki, inda ake samun irin waɗannan kaya ba tare da shan rana ba, ko da yake farashin yakan ɗan ɗaga. Ciniki a nan ba ya buƙatar yare. Mai rumfa za ta danna lamba a kalkuleta ta miƙo maka, kai ma ka goge ka danna tayinka ka mayar mata, in bai yi mata ba ta girgiza kai tana murmushi, wanda shi ne “albarka” a wurinsu, har a tsaya a inda ya yi wa kowa. Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye shi ne ɗaga murya, domin mutanen Tailan suna ɗaukar nuna fushi a bainar jama'a a matsayin zubar da mutunci, kuma irin zafin cinikin da muke yi a gida cikin raha yana iya rufe ƙofar ragi gaba ɗaya.

Sai kuma Chatuchak, kasuwar Asabar da Lahadi, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin mako na duniya. Dubban rumfuna ne da aka kasa sashe-sashe: tufafi, kayan katako, tukwane da faranta, turare da sabulai, shuke-shuke, zane-zane, tsofaffin kaya. Ba a gama ta a yini ɗaya, kuma wanda ya ga abin da ya yi masa ya ce zai dawo, da wuya ya sake gane rumfar. Jirgin ƙasa yana kai mutum har bakinta ta tashar Mo Chit, kuma ya fi kyau a isa da safe kafin rufin kwano ya ɗauki zafi. A unguwar 'yan Sin ta Yaowarat akwai lungun Sampeng na yadi da ƙananan kayan ado a farashin sari, a gefen kogi kuma akwai Pak Khlong Talat, kasuwar furanni da ta fi cika cikin dare. Ga mai son kallo kawai, a wajen birni akwai kasuwar Maeklong wadda aka kafa a kan layin dogo, inda masu kifi da kayan miya ke naɗe rumfunansu idan jirgi ya taho, ya wuce yana kusan shafar kwanduna, su sake buɗewa kamar ba a yi ba. Kasuwar kan ruwa ta Damnoen Saduak, mai nisan kimanin kilomita 100, ta shahara a hotuna, amma yanzu ta fi zama ta 'yan yawon buɗe ido, kuma ba zan ba wanda ke da kwanaki kaɗan shawarar ya ɓata mata yini ba.

Idan aka dawo Kwala Lumfur, dole a rage buri. Kasuwar titin Petaling ƙarama ce, kuma yawancin abin da ke cikinta kwaikwayon agoguna da jakunkuna ne. Pasar Seni, wadda asalinta ya koma 1888, a yau ta zama wurin sayen tsaraba irin su zanen batik da kayan sassaƙa. Inda birnin ya yi fice shi ne titin Tuanku Abdul Rahman da titin Masjid India, nan ne shagunan yadi suke jere, da hijabai da mayafai da dogayen riguna da huluna da dardumar salla. Matar da ta je neman suturar da za ta sa kai tsaye ba tare da an ƙara mata hannu ko tsawo ba, a nan za ta fi samun biyan buƙata, domin yawancin kayan da ke Pratunam an ɗinka su ne da tsarin wasu mutanen daban, kuma sau da yawa girman ma yakan yi mana kaɗan. Kasuwar Chow Kit ita ce ta kayan gwari da kifi da nama da 'ya'yan itatuwa, kuma nan ne za a ga rambutan da mangostin da duriyan, ɗan itacen nan mai ƙaya wanda ƙarfin warinsa ya sa otal-otal da jiragen ƙasa suka hana shiga da shi. Ban da waɗannan, sayayyar birnin ta koma manyan kantunan zamani, masu kyau da sanyi, amma farashinsu a rubuce yake, ba tayi ba ragi.

Da an zo kan abinci sai lamarin ya juya. Musulmi sun haura kashi 60 cikin 100 na mutanen Malesiya, kuma hukumar JAKIM ta gwamnati ce ke ba da shaidar halal, tambarin nata yana manne a ƙofar gidajen abinci da jikin kayan gwangwani. Amfanin wannan ga baƙo ba ya misaltuwa: mutum ya ji yunwa, ya shiga wurin da ya gani, ya ci, ya fita. Abincin safe da aka fi sani shi ne nasi lemak, shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, a zuba mata miyar barkono mai ɗan zaƙi, da soyayyun ƙananan kifi da gyaɗa da ƙwai da kokwamba. Akwai rendang, naman da aka daɗe ana dafawa a madarar kwakwa da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse. Akwai kuma sate, wanda Bahaushe zai kalla ya ce tsire ne, nama a tsinke a kan garwashi ana yi masa fifita, sai dai maimakon a barbaɗa masa ƙuli-ƙuli da yaji, gyaɗar miya ake yi da ita mai kauri a riƙa tsomawa, kuma sun fi mu son zaƙi a cikinta. Unguwar Kampung Baru, tsohon ƙauyen Malayawa mai gidajen katako da ya rage a tsakiyar dogayen benaye, ita ce wurin da ya fi dacewa a nemi waɗannan da daddare.

Abin da ya fi kama zuciyata a birnin shi ne wuraren da suke kira mamak, gidajen abincin Musulmi 'yan asalin Indiya, waɗanda da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Mai shayin yana tsaye da kofuna biyu na ƙarfe, ya ɗaga ɗaya sama ya tsiyayo shayin da madara zuwa na ƙasa, ya mayar, ya sake, har ya yi kumfa, daidai yadda mai shayin bakin titi ke yi a Kano ko Damagaram. Suna kiransa teh tarik, wato shayin da aka ja. A gefensa wani yana murza ƙullin fulawa yana wurga shi a iska har ya yi fele-fele, ya naɗe ya gasa a faranti mai mai, shi ne roti canai, ana ci da romon wake ko na kaza. Maza suna zaune a kujerun roba suna kallon ƙwallo har tsakar dare. Wanda kewar gida ta fara damunsa a kwana na uku, zama ɗaya a irin wannan wuri yana rage masa ita. Duk da haka a lura, birnin yana da 'yan Sin da yawa, kuma sanannen titin abincin dare na Jalan Alor galibinsa nasu ne, ana sayar da naman alade da giya a fili. Kalmar alade a yaren Malayawa ita ce babi, kuma tambarin halal ne abin dubawa.

Abincin titi na Bankok ya fi yawa, ya fi iri-iri, kuma ba na jayayya da masu cewa yana cikin mafi daɗi a duniya. Akwai tom yam, romon jatan lande mai tsami da yaji. Akwai som tam, kwaɗon ɗanyar gwanda da ake dakawa a turmi da barkono da lemon tsami. Akwai pad thai, soyayyar taliyar shinkafa da ƙwai da gyaɗa. Akwai mangwaro da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa. Matsalar ita ce Musulmi a Tailan ba su wuce kimanin kashi 5 cikin 100 ba, yawancinsu ma a kudancin ƙasar suke, kuma naman alade shi ne naman yau da kullum. Ba a naman da ake gani kaɗai yake ba: yana cikin romon da aka dafa taliya, yana cikin man suya, kuma kasko ɗaya ne ake soya na kowa. Cewa “mai sai mu”, wato kada a sa alade, yana hana a zuba maka yankan nama, amma ba ya sauya romo ko kasko. Saboda haka Musulmi a Bankok ba ya cin abinci a inda yunwa ta same shi, sai ya tsara yininsa a kan inda zai ci.

Wuraren suna nan ga wanda ya san su. A yankin Nana, lungun Sukhumvit 3/1 da ake kira lungun Larabawa cike yake da gidajen abincin Larabawa da Indiyawa, akwai kuma na 'yan Afirka a kewayen. A lungu na 7 na titin Phetchaburi, ba nisa sosai da Pratunam, akwai masallacin Darul Aman da masu abincin halal a gefensa, haka ma kewayen masallacin Haroon a unguwar Bang Rak da kuma yankin Ramkhamhaeng. A irin waɗannan wurare ne za a ci khao mok gai, dafa-dukar shinkafa da kaza mai launin kurkum, da miyar massaman wadda asalinta na Musulmi ne. Alamar da ake nema ita ce koren tambarin majalisar Musulunci ta ƙasar, ko jinjirin wata da tauraro a jikin keken mai abinci, ko kuma mai sayarwa da hijabi. Mutum ɗaya ko abokai biyu za su iya wannan cikin nishaɗi. Magidanci mai yara uku da suka gaji da rana suna kukan yunwa a tsakiyar Chatuchak, shi zai gane nauyin abin.

Haka batun salla yake. A Kwala Lumfur kusan kowane babban kanti da gidan mai da tashar mota yana da ɗakin salla da wurin alwala, suna kiransa surau, maza daban mata daban, kuma ana jin kiran salla a gari. Masjid Jamek, wanda aka buɗe a 1909 a mahaɗar kogunan Klang da Gombak inda birnin ya samo sunansa, da Masallacin Ƙasa na 1965, da gidan adana kayan fasahar Musulunci da ke kusa da shi, duk wuraren ziyara ne a karan kansu. A Bankok akwai masallatai da yawa, wasu manyan kantuna ma sun ware ɗakin salla, amma sai an tambaya an nema, kuma manyan wuraren kallo na birnin, irin su haikalin da ke cikin fadar sarki da aka fara ginawa a 1782 da Wat Pho da Wat Arun, wuraren ibadar mabiya addinin Buda ne, abin da kowa zai auna wa kansa.

Cunkoson ababen hawa kuwa, Bankok ta yi ƙaurin suna a kansa, kuma ba ƙage aka yi mata ba. Birni ne mai mutane sama da miliyan 10 idan aka haɗa da kewaye, an gina shi a kan fadama a bakin kogin Chao Phraya, tsofaffin hanyoyinsa magudanan ruwa ne da aka cike da yawansu aka mayar tituna, kuma lungunan unguwanni da dama ba sa ɓullewa, sai kowa ya fito ya hau babban titi ɗaya. Idan ruwan yamma ya haɗu da tashin ma'aikata, tasi tana iya shafe awa guda a tazarar da mai tafiya a ƙasa zai yi cikin minti ashirin. Maganin shi ne a bar titi gaba ɗaya. Jirgin ƙasa na kan gada, BTS, yana aiki tun 1999, na ƙarƙashin ƙasa kuma tun 2004, sannan akwai jiragen ruwa na haya a kan kogi da kuma a magudanar Saen Saep wadda ke bi ta Pratunam, masu arha da sauri, ko da yake hawa da sauka yana son ƙarfin jiki kuma ruwan ba shi da tsabta. 'Yan acaɓarsu suna sanye da riguna ruwan lemo, suna da tashoshi a bakin lunguna. Tuk-tuk, ɗan'uwan a-daidaita-sahu, ba shi da mita, sai an yi ciniki kafin a hau, kuma sau da yawa ya fi tasi tsada. A yi hattara da duk wanda ya tare ka kusa da wurin kallo ya ce yau a rufe yake, ya yi tayin zagayawa da kai a kuɗi kaɗan, domin ƙarshen tafiyar shagon duwatsun ado ne ko na tela inda ake ba shi lada.

Kwala Lumfur ma tana da nata cunkoson safe da yamma, da na ranar Juma'a a kewayen masallatai, amma bai kai wancan ba. Filin jirginta yana Sepang, da nisa daga gari, sai dai jirgin ƙasa na KLIA Ekspres yana kai mutum tashar KL Sentral cikin kimanin rabin awa, daga nan kuma layuka suka rarrabu, wasu jiragen har da taragon mata zalla. Manhajar Grab ta kiran motar haya tana aiki a duka biranen, kuma tana raba mutum da gardamar mita. Aibin Kwala Lumfur shi ne an gina ta ne domin mota: wurin da kake hangowa kusa, kamar tagwayen benayen Petronas masu tsawon mita 452, sai ka tarar manyan hanyoyi sun raba ka da shi, babu wurin tsallakawa. Ruwan sama kuma yana saukowa da ƙarfi da yamma har ya kawo ambaliya, abin da ya sa aka haƙa ramin SMART mai tsawon kilomita 9.7, wanda motoci ke bin wani sashensa a ranakun lafiya, a rufe shi ya zama magudana idan ruwa ya yi yawa.

Yare ma yana da nasa tasirin a kan gajiyar baƙo. Malesiya ta yi zaman mulkin Ingila, Turanci yana gudana a ko'ina, kuma yarensu da haruffan boko ake rubuta shi, cike da kalmomin Larabci da kunnenmu ya sani: Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu, Ahad, ga su nan kamar Litinin zuwa Lahadi. Tailan tana da haruffanta na kanta, kuma da an bar wuraren baƙi Turanci yana ƙaranci, saboda haka a riƙe katin otal mai adireshi da rubutunsu domin nuna wa direba.

Lokacin tafiya yana iya sauya hukuncin. Bankok ta fi daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwa ya ɗauke zafi ya sassauta. Maris zuwa Mayu zafi ne mai nauyi, kuma daga 13 zuwa 15 ga Afrilu ake bikin Songkran, inda ake watsa wa duk mai wucewa ruwa a titi, shaguna da yawa kuma suna rufewa. Kwala Lumfur ba ta da rani da damina irin namu, ana iya samun ruwa a kowane wata, yawanci na awa ɗaya ko biyu da la'asar. Wanda hutunsa ya faɗo cikin azumi, Kwala Lumfur ce tasa ba tare da dogon tunani ba, saboda kasuwannin buɗa-baki da ake kafawa a unguwanni kowace yamma da kuma tarawihi a ko'ina.

Saboda haka, ga magidanci da iyalinsa, ga ango da amarya, ga dattijo, ga matan da za su yi tafiya su kaɗai, da kuma duk wanda wannan ce fitarsa ta farko zuwa wannan yanki, Kwala Lumfur nake ba da shawara, kuma ya sauka a kusa da KL Sentral ko Masjid Jamek ko Bukit Bintang, inda tashar jirgi take a tafiyar ƙafa. Ga wanda kasuwa ce ta fito da shi, yana son ya haɗa hutu da sari, yana da ƙafar yawo da haƙurin neman abinci, Bankok za ta ba shi abin da Kwala Lumfur ba ta da shi, kuma ya sauka a Pratunam ko Nana, ya tabbatar Asabar ko Lahadi ta faɗo cikin kwanakinsa saboda Chatuchak. Wanda yake da kwana goma da ƙarfin neman biza biyu yana iya haɗa su, ya fara da Kwala Lumfur ya yi kwana shida jikinsa ya saba da zafi da sauyin agogo, sannan ya ƙarasa da kwana huɗu a Bankok, domin kayan da zai saya kada ya yi ta jan su daga otal zuwa otal, kuma ya tambayi nauyin kayan da tikitinsa ya yarda da shi tun kafin ya shiga Pratunam.